Abin da Tafinta Bai Juya Ba

Shekara goma sha ɗaya ina tsaye a kotun Tawa,
tsakanin bakin alƙali da kunnen talaka.
Aikina na mai ga-ruwa ne:
in ɗebo da Hausa, in juye da Faransanci,
abin da ya zube a hanya, ƙasa ta shanye.

Ran Talata aka shigo da Nomau.
Duk tashar mota an san shi.
Shi ke ƙirga buhunan albasa, ba wanda ya sa shi,
in ya kai arba'in ya koma ɗaya,
ya tafa hannu, ya yi wa direba sannu.
Shekararsa talatin, gemu ya cika,
har yau uwarsa ke ɗaure masa mazagi.

An ce batirin famfon unguwa ya ɓace.
An ce an ga Nomau kusa da wurin.
To, ina ne ba a ganin Nomau?

Wata bakwai yana kaso kafin a tuna da sunansa.
Ya shigo yana murmushi, ya gaida fanka,
ya gaida tuta, ya gaida mai gadi da bindigarsa.
Wani mai baƙar riga ya ce, ƙasa-ƙasa,
"Dubi, ko nadama babu."

Alƙali ya tambaya, na juya.
Kai ka ɗauka? Ya ce i.
Da dare ne? I.
Sai na ƙara tawa, wadda ba a ba ni ba:
Nomau, kai ka ɗauke hasumiyar babban masallaci?
Ya dube ni, ya dubi uwarsa, ya ce i.
Aka yi dariya har magatakarda ya share ido.
Dariyar ba ta shiga takarda ba.
I ɗin farko ne ya shiga.

Cima ta miƙe, ba a ba ta izini ba:
"Ni na koya masa. Na ce in babba ya yi magana
ka ce i, ka sunkuya, kada a buge ka.
Da kalmar nan na yi masa katanga tun yana rarrafe,
yau ita ce ta faɗo masa."
Aka ce ta zauna.
Ban juya ba. Ba a nema ba.

Ga abin da ke tashe ni tsakar dare.
Bara, a ɗakin nan, kan bencin nan,
an kawo shi shaida. Ya ga motar da ta take ɗan Bizo.
Ya faɗi launinta, ya faɗi fitilar da ta mutu,
ya faɗi buhu nawa ta ɗauko.
Aka ce maganar mai taɓin hankali ba ta hawa mizani.
Bakin nan ne fa. Harshen nan ne.
Da ya nuna wani, maganarsa ƙaiƙayi ce,
da ya nuna kansa, ta zama dutse.

Suka shafa masa tawada a babban yatsa.
Ya dubi shuɗin, ya washe baki,
ya ɗaga mini: "Malam, na yi zaɓe?"

Shekara biyu.
Da Faransanci ta wuce sumul,
da Hausa ta tsaya mini a maƙoshi kamar ƙayar kifi.
Na ce, "Nomau, za ka koma can."
Ya ce, "Wa zai ƙirga albasa?"

Ran Juma'ar da ta wuce
sabon batirin ma ya yi ƙafa.
Mata sun koma rijiya da guga.
Wannan karon ba wanda ya ce an ga kowa.

Cima na kai fura bakin ƙofa kowace hantsi.
Mai gadi ya ce mata, da safe shi ke ƙirga ƴan ɗakinsu,
ya kai arba'in, ya koma ɗaya,
kuma bai taɓa kai na ƙarshe ba.

Gobe Talata. Zan goge rigata, in tsaya inda na saba.
Jiya na kwana kan ƙamus ina neman kalma guda:
i ɗin da ke nufin kada ka buge ni.
Na bi shafi-shafi har aka kira asuba.